Ruwan Bayan Azahar

Bazarar bana ta shigo da irin zafin nan da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. A cikinsa na je gida Matamaye, na biya ta garake don in gaisa da mutane, sai na tarar da wasu ma'aikata daga Damagaram suna kwance tsohon akwatin da ke tafiyar da famfon foraj, wato rijiyar burtsatse, za su sa sabo. Da suka gama sai ɗayansu ya jefar da shi kan yashi, ya ci gaba da aikinsa. Na duƙa na ɗauka. Ƙarfen da sauran zafinsa, har sai da na sauya hannu. Ina riƙe da shi sai ga wata bazara ta dawo mini, wadda na daɗe ina kauce wa tunaninta.

Shekarar nan damina ce ta fara yaudararmu. Ta zo da wuri, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi baƙi ƙirin gwanin sha'awa. Yana fara fid da kai ruwa ya ɗauke. Hadari ya riƙa taruwa a gabas yana watsewa, mu kuwa muna ta ɗaga kai har wuya ya gaji. Abin da muka kai rumbu bai rufe gindinsa ba. Maza ba su jira lokacin cin rani ba, tun kafin a gama sassabe kara suka fara hawa mota, wasu Kano, wasu Ikko, wasu har Fatakwal. Ƙanena Sani yana cikinsu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, saboda haka gida ya rage daga ni sai Inna, sai akuya guda mai yawan ƙorafi.

Ni kuwa na dawo daga Yamai da takardar karatun ordinatar, wato kwamfuta, ba aiki. Mutanen unguwa sun yi murna da ni ƙwarai, don sun samu mai zuba musu karatun Alƙur'ani a katin waya kyauta. Wannan shi ne iyakar amfanin da aka ga karatuna yana da shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Rijiyoyin fadama da aka saba ja da guga duk sun kafe, in ka leƙa sai taɓo da warin kwaɗi. Kowa ya koma kan foraj ɗin da wata proje ta masu ba da agaji ta haƙa mana ta tafi abinta. Famfon da hasken rana yake aiki. Rana na fitowa akwatin zai farka ya tada shi, rana na faɗuwa su kwanta tare, don batirin ya daɗe da mutuwa. A shekarun baya rabin yini ake kunna shi ya wadatar. A wannan shekara sai da ya zama daga fitowar rana har faɗuwarta.

Ƙungiyar masu garake ta raba ruwa da lokutan salla, kamar yadda aka saba. Daga safe zuwa azahar na maza ne, waɗanda ba su tafi ba, masu rake da manyan garake kusa da shato, babban tankin ruwan. Daga azahar zuwa la'asar na Inna ne da matan da ke layinta. Bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi ruwan ya koma zirara, na Rabi ne da waɗanda ke can ƙarshe. Rabi maƙwabciyarmu ce, mijinta yana Fatakwal, tun tafiyarsa ba aike ba labari, ga yara, ga na goye.

Inna masara ta shuka a fangulanta. Ta yi lissafinta daidai: za ta nuna dab da faɗuwar ruwa, ta riƙe mu a watannin nan da rumbu yake wayam, sabon gero kuma bai iso ba. Ba mu da wani abin dogaro bayan ita. Kowace safiya, bayan mun sha ɗan kunun sahur da ya fi kama da ruwan wanke ƙwarya, mun yi salla, mun share gida, sai ta ɗauki fartanya ta tafi ta zauna wajen masarar nan tun kafin lokacin ruwanta ya yi. Takan bi ta layi layi tana taɓa ganyen.

A makon farko na azumi akwatin ya fara wani hali. Yakan yi aiki lafiya lau duk safiya. Azahar na wucewa kaɗan, ruwan Inna ya fara shiga fangula, sai famfo ya tsaya cik. Baba Isuhu mai gadin foraj, wani tsoho mai raunin ido da ke riƙe da makullin akwatin, shi ke zuwa ya kashe ya kunna. Amma kafin famfon ya sake tashi ruwan da ke cikin tiyo ya gangara ya koma ƙasa, sai an daɗe ana jira ya hauro. Rabin lokacin Inna a jira yake ƙarewa. Na Rabi kuwa ya fi muni, don sau da yawa akwatin kan sake tsayawa bayan la'asar, kuma a lokacin rana ba ta da ƙarfin tada famfo daga kwance. Sai ta koma ɗebo ruwa a bokiti daga gindin shato, da yaro a baya, tana yayyafa wa kuɓewarta da 'yar masararta. Na ce mata mai shayarwa ai an ɗauke mata azumi. Ta ce, "To in na aje, mi zan ci?"

Wata rana haushi ya ishe ni, na ɗauki tsohuwar ordinatar ɗina na tafi wajen Baba Isuhu na ce ya buɗe mini akwatin. Ya ce proje ta hana a taɓa. Na ce, "Baba, projen tana ina?" Ya laluba aljihu ya miƙo makulli.

Na jona ordinatar da akwatin na zauna a inuwar panno, faifan hasken rana, ina kallo. A cikin akwatin akwai ƙaramar na'ura, a cikinta kuma akwai ƙwayar tsarin da ke tafiyar da komai, wadda mu da muka yi karatu da Faransanci muke kira nuwayo. Ita ke raba wa kowane aiki wurin ajiya, wato memwar, ta karɓe idan aikin ya ƙare. Ina zaune ina kallon lambar da ke nuna memwar da ta rage, sai na ga tana raguwa a hankali, ba ta dawowa. Duk lokacin da na'urar ta yi magana da famfo sai ta ari ɗan wuri, wani abu a cikin nuwayon kuma ya manta bai mayar ba. Kamar gidan da ake ta aron ƙwarya ba a dawo da ita, wata rana za a dafa abinci a rasa inda za a zuba. Daga safe zuwa azahar ƙoren ke ƙarewa. Shi ya sa shekarun baya ba wanda ya lura, ba a taɓa barin famfon ya kai wannan lokaci ba.

Magani mafi sauƙi shi ne a kashe akwatin da gangan da hantsi, a kunna, jiran ya faɗo a lokacin maza da ruwa ke da ƙarfi. Na je na samu Alhaji Laminu, shugaban ƙungiya, a bakin rakensa. Na durƙusa na gaishe shi na yi bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Ɗiyata, na ji. Amma ruwan wa za a yanke? In na ce na Malam Habu, gobe ba mu gaisawa. In na ce nawa, ni ma bakuna nawa ke jiran raken nan? An yi rabo gaban kowa, kowa ya ce ya yarda. Inda abin ya faɗo, nan Allah ya aje shi."

Na ce, "Alhaji, kullum kan mata yake faɗowa."

Ya ce, "Ke kika iya na'ura. In za ki gyara, gyara. Amma kada famfo ya tsaya kafin azahar."

Na tashi raina a ɓace. Da ba azumi ba, da na faɗi abin da zai sa a kira Inna a ba ta haƙuri a kaina.

Washegari na hau mota zuwa Damagaram, don rezon intanet na garinmu ba ya iya ɗaukar abu mai nauyi. A can na sauke rubutun nuwayon, tsoho da sabo, da tarihin gyare-gyaren da aka yi masa. Ban sha wahalar nema ba. Ga matsalar nan an bayyana ta tsaf, ga facin da aka yi mata, 'yan layuka da ba su cika tafin hannu ba. Wani ya gano ta da daɗewa, ya gyara a sabon nuwayo, duniya ta wuce wurin. Mu ne ba wanda ya waiwaya.

Sa sabon nuwayon gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Ɗan shirin da ke magana da famfonmu da tsohon kawai ya saba, waɗanda suka rubuta shi kuma sun bi proje sun ɓace. Abin da ya rage shi ne in ɗauko facin daga sabo in mayar da shi baya cikin tsoho. A baki abu ne mai sauƙi. Da na buɗe tsohon sai na tarar wurin da facin ke nufi babu shi. An sauya masa suna, an ɗauke shi daga wannan fayil an kai wancan, an raba aiki ɗaya gida biyu. Facin kansa yana tsaye ne kan wasu gyare-gyare da suka riga shi, su ma suna kan wasu. Sai na riƙa bin su baya ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wanne ne dole, wanne ne zai jawo mini wata rigimar.

A ɗakin Inna nake aikin, kan tabarma. Kuran, wato wutar lantarki, yakan zo ya tafi yadda ya ga dama. Harhaɗa nuwayon yakan ci tun hantsi har rana ta take, ordinatar ta yi zafi tana huci kamar za ta mutu, sai in jiƙa buhu in shimfiɗa kan murfin randa in ɗora ta. Ni da ke azumi ina zaune kusa da randa ina shayar da na'ura sanyi. Leɓɓana sun tsage, idona yana ganin layukan biyu biyu. In kuran ya ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko.

Da na samu wanda ya harhaɗu sai babbar matsalar ta taso. Ba inda zan gwada shi sai a kan akwatin, kuma sai famfo na aiki, don ciwon ba ya nuna kansa sai suna magana. Akwatin ba ya rayuwa sai da rana. Safe an hana ni. Bayan la'asar famfo ba ya tashi. Lokaci ɗaya ne ya rage, kuma na san na wace ce.

Ban iya tambayarta ba. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, magana ma sai ta bi ta kan wani ko ta kan bango. Masararta kuwa a lokacin ta fara goyo, lokacin da ko yini ɗaya ba ta son ƙishi. Da rabin ruwan da take samu za ta iya lallaɓawa ta kai, ko da ba ta cika ba. Na Rabi da na matan ƙarshe ne ba za su kai ba. Na san wannan, ita ma ta sani, ta fi ni sani.

Muna zaune a garka, ni da ita da Baba Isuhu, Rabi ta wuce da bokiti a ka, yaron a baya ya yi laƙwas ko kuka ba ya yi. Inna ta bi ta da kallo har ta kai ƙarshen layi. Sannan ta juya wajen Baba Isuhu ta ce, "Malam, a hwaɗa wa mai na'urar, in lokaci take so ta ɗauki nawa. Sauran matan layina a ba su nasu in ruwan ya dawo."

Ina zaune a gefenta, gwiwata na kusan taɓa tata. Na ce, "Inna, ban san kwana nawa zai ɗauka ba."

Ta ce wa Baba Isuhu, "Ban tambaya ba."

Gwajin farko akwatin ko farkawa bai yi ba. Na sa katin da ke ɗauke da gyararren nuwayon, na kunna, allon ya tsaya baƙi. Kafin in mayar da tsohon kati ruwa ya hauro, abin da ya rage na lokacin bai wuce na sauran matan ba. Inna ta tashi ta karkaɗe zane ta tafi gida dafa abin buɗa baki, tafasa da ɗan ƙanzo. Na koma na gano abin da na baro a baya, wani ƙaramin gyara da facin ke bukata, na sake harhaɗawa. Na biyu ya farka, famfo ya tashi, lambar memwar ta tsaya cak. Can sai komai ya rushe gaba ɗaya. Ashe a tsohon nuwayo akwai wata hanya da take mayar da wurin da kanta, facin kuma ya zo ya sake mayarwa, abu ɗaya aka mayar sau biyu, na'urar ta rikice. A sabon an daɗe da cire waccan hanyar, shi ya sa mai facin bai ambace ta ba. Bai rubuta don mu ba.

Haka muka yi ta yi. Wata rana kuran ya hana ni harhaɗawa, Inna ta samu rabin ruwanta. Wata rana in zo da sabon kati, ta rasa duka. Iskar bazara tana busowa kamar daga bakin tanda, yashi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ganyen masarar ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da yamma, daga baya ya daina buɗewa. Gemun goyon ya bushe tun bai yi tsawo ba. Na ce mata mu dakata kwana biyu ta sha. Ta dubi akuya ta ce, "Wanda ya fara aski ai sai ya ƙarasa, ba a barin kai rabi." Na yi kuka a bayan ɗaki ranar nan, kukan haushi, ba na tausayi ba. Haushin Alhaji Laminu, da na proje, da na mutumin da ban sani ba wanda ya manta layi ɗaya a wata ƙasa mai sanyi.

A goman ƙarshe na azumi ya zauna. Na sa katin bayan azahar, famfo ya tashi, na ƙura wa lambar ido. Ta ɗan sauka, ta dawo. Ta sauka, ta dawo. Aka kira la'asar tana nan. Ban yarda ba sai da na bar shi ya kwana ya farka da kansa, ya yi safiyar maza duka, ya shiga azahar, ya wuce wurin da ya saba mutuwa ko tari bai yi ba. Baba Isuhu ya kasa kunne ga tiyo ya ce, "Yau bai gaji ba."

Ruwan ya biyo hanya ya iso bakin fangalin Inna da ƙarfinsa, karo na farko tun shigar azumi. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta shiga cikin masarar ta ɓalle goyo ɗaya ta ɓare. Totuwa ce fara, da ƙwaya ɗaya nan ɗaya can. Ta ɓare wani daga tsakiya, ta ɓare wani daga ƙarshe. Duk haka. Ta fito ta duƙa ta kwashi taɓo da hannu biyu ta toshe bakin fangalinta, ruwan ya juya ya miƙe layi zuwa wajen Rabi. Ta wanke hannu a cikinsa, ta ce wa Baba Isuhu ya ara mata lauje, akuya za ta ci karan.

Matan ƙarshe sun tsira da abin da ya rage nasu. Rabi ta cire kuɓewa, ta cire masara, ta kawo mana a kwando, Inna ta karɓi kaɗan ta mayar da sauran saboda yara. Alhaji Laminu ya aiko da ɗaurin rake da godiya. Na aika facin da na gyara wa masu kula da tsofaffin nuwayo, aka amsa mini cikin ladabi cewa irin namu an daɗe da daina kula da shi. Akwatinmu kaɗai ya amfana, ya kuma yi ta aiki shekara da shekaru ba wanda ya sake tunawa da shi, har ranar da na tsince shi kan yashi.

Damina ta zo ta same mu ba komai. Abin da Sani ke aikowa ba ya kai wata. Akuyar ta tafi kasuwa. Muka ci tafasa, muka ci yaɗiya, muka ci dusa da aka dama da ruwan zafi. Inna tana noma da wannan cikin, ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu, kuma tarin da ya kama ta a watannin nan bai sake ta ba har ƙarshen ranta. Yau matan layin nan suna da famfo mai batir, ruwa har bayan magariba, yawancinsu ba su san an taɓa raba shi da salla ba. Ina yi musu murna, amma ba na iya daɗewa a wurin.

Ba ta taɓa tada maganar masarar ba sai sau ɗaya. Ana ruwa ranar, ɗaki na yoyo ta kusurwa, muna zaune da ƙwaryar tafasa guda a tsakaninmu, ba ƙuli ba mai. Tana kallon ƙofa ta ce, "Shi gyaran nan da aka ɗauko, yaushe masu shi suka gano shi?"

Na so in ce kwanan nan. Na ce, "Tun kafin a haƙa foraj ɗin, Inna."

Ruwa yana ta ɗiga cikin kwanon da muka tara. Can ta ce, "Ashe yana nan a aje."

Ta tura mini sauran tafasar, ta ce ta ƙoshi.